Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Harkokin 'Yan Sanda: Ina Kuɗin Horar da Masu Bincike?

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaisuwa tare da fatan alheri. Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Garin Zariya, wayoyin hannu nake sayarwa. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami: kuɗin tura 'yan sanda masu binciken laifuka kwas mai zurfi.

Bara da hunturu aka fasa shagona. Na iso bayan sallar asuba na tarar an datse kwaɗo biyu, an ɓanɓare ƙofar ƙarfe, an yar da wani guntun rodi a ƙasa. Ga sawun takalmi raɗau a kan ƙurar da iska ta shigo da ita. Kafin ɗan sanda ya iso, 'yan jaje sun cika shagon, sun tattake sawun. Da ya zo, a kan acaɓa ya zo, ni kuma na biya. Ya sunkuya ya ɗauki rodin nan da hannunsa haka nan, ya jujjuya shi, ya miƙa wa wani yaro ya riƙe masa. Ba safar hannu, ba ledar da za a saka shi, ko hoto bai ɗauka ba. Sai ya juyo ya ce da ni, "Alhaji, wa kake zargi?"

Duk wanda ya taɓa kai ƙara caji ofis a ƙasar nan ya san wannan tambayar. Da ita ake fara bincike, sau da yawa kuma a kanta yake tsayawa. Cikin zafin rai na ambaci yaron shagona, don shi ke riƙe da ɗaya makullin. Mai bincike da ya san aikinsa da nan take ya ce mini mai makulli ba ya wahalar datse kwaɗo. Ba wanda ya faɗa mini haka. Aka jefa yaron bayan kanta, bayan kwana uku aka ce ya amsa laifi. Na gan shi ranar da aka kai shi kotu, yana ɗingishi, ya kasa haɗa ido da ni. Wata biyar ya yi a gidan gyaran hali yana jiran shari'a, kafin alƙali ya kori ƙarar saboda babu wata hujja sai takardar amsa laifin. Mai kemis da ke kallon shagona yana da kyamarar tsaro, wadda ke goge abin da ta naɗa bayan mako biyu. Ba wanda ya nemi ya gani. Kwalayen wayoyin da aka sace suna hannuna, kowanne da lambar IMEI a jikinsa, wato lambar shaidar waya da ake bin sawunta da ita. Ba wanda ya karɓa. An bar jaki ana dukan taiki, ɓarayin kuma har yau suna gari.

Na ɗauki nawa alhakin, ina kuma roƙon Allah ya yafe mini. Mahaifiyar yaron har gobe ba ta amsa gaisuwata. Amma sajan ɗin nan da ya zo shagona ba mugun mutum ba ne, na zauna da shi daga baya. Tun da ya fito kwalejin 'yan sanda bai sake zama a aji ba. Daga aikin kan titi aka ɗauko shi aka ajiye a ɗakin bincike, aka ba shi biro da fayil. Abin da ya tarar manyansa na yi, shi yake yi. Wanda ba a koya masa neman hujja ba, a jikin wanda ake tuhuma zai neme ta.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin alkawuran da aka yi. A 2015 aka yi dokar tafiyar da shari'ar laifuka, wadda ta tanadi naɗar bayanin amsa laifi a bidiyo da ɗaukar bayani a gaban lauya, ta kuma haramta kama wani a madadin wani. Jihar Kaduna ta yi tata a 2017. A shekarar ne kuma aka sa hannu a dokar hana azabtarwa, mai hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara 25. A 2019 Shugaba Buhari ya rattaba hannu a dokar Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda, wadda ta tanadi kashi 0.5 cikin 100 na kuɗin asusun tarayya da kashi 0.005 cikin 100 na ribar kamfanoni, kuma horarwa da sake horarwa na cikin manyan dalilan kafa shi. A 2020 aka yi sabuwar dokar 'yan sanda. A watan Oktoban shekarar, ana cikin zanga-zangar EndSARS, aka rusa SARS, rundunar 'yan sanda ta yaƙi da fashi, gwamnati ta ce ta amince da buƙatu biyar, ciki har da sake horar da jami'ai. Dokoki kam sun cika. To wa ya koya wa sajan ɗin nan aiki da su? An ce kada ya yi duka, madalla. Me aka ba shi a maimakon dukan?

Mun ga motoci ana rabawa, mun ga gine-gine. Ba na raina su, ɗan sanda na buƙatar mota da wurin kwana. Sai dai mota takan kai shi wurin da aka yi laifi ne kawai. Abin da zai yi in ya sauka, wannan a kansa yake, kuma kuɗin cusa masa shi ne kullum ake mayarwa ƙarshen layi, don ba abu ne da ake ƙaddamarwa da taro ba.

Satar waya ma ƙaramin abu ne a kan abin da muka gani. A watan Yunin 2021 an shiga kwalejin Nuhu Bamalli an kwashi ɗalibai da malamai. Wata guda bayan nan aka shiga cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye. A ranar 28 ga Maris, 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Masu garkuwa da waya suke cinikin fansa, akwai mai kai musu fetur da burodi, akwai mai tsegunta musu gidan da za su shiga, akwai inda kuɗin ke bi. Soja zai iya tarwatsa sansani a daji. Amma bin sawun kira, bin sawun kuɗi, adana shaida yadda lauya ba zai rushe ta a kotu ba, wannan aikin mai bincike ne da aka karantar. In babu shi, a kama mutum yau, a nuna wa 'yan jarida gobe, shari'a ta watse baɗi. Shi ya sa kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya masu jiran shari'a ne.

Wuraren koyarwar kuwa akwai su. Ga kwalejin masu bincike a Enugu, ga ta manyan jami'ai a Jos, ga makarantar 'yan sanda ta Wudil, ga kwalejin Kaduna kusa da mu. Nan Zariya akwai malaman shari'a na Jami'ar Ahmadu Bello a Kongo, akwai likitocin binciken gawa a asibitin koyarwa na Shika. Garin nan ya daɗe yana ƙyanƙyashe sojoji a Defot, mun san bambancin wanda aka horar da wanda aka sanya wa kaki kawai. Me zai hana a ƙulla yarjejeniya, a riƙa kawo masu bincike rukuni-rukuni suna koyon killace wurin da aka yi laifi, ɗaukar zanen yatsa, kwashe samfurin gwajin DNA, da yi wa mutum tambayoyi ba tare da taɓa lafiyarsa ba?

Ina roƙonka don Allah, a ware wa wannan kwas kuɗinsa daban a kasafi, a kuma sake shi a kan lokaci, har da alawus ɗin tafiya, kada ɗan sanda ya ci bashi kafin ya je karatu. A zaɓi masu zuwa daga waɗanda ke ɗakin bincike da gaske, ba masu ubangida ba. Wanda ya dawo a bar shi a kan aikin, kada a mayar da shi ɗan rakiyar wani babba. A haɗa shi da 'yar jakar kayan aiki da kuɗin fetur, mai ƙara ya huta da biya.

Sannan a fito a faɗa mana: tun daga 2019, masu bincike nawa daga jihar Kaduna aka tura kwas mai zurfi, nawa aka kashe, a wane ofishi suke yanzu? Idan akwai ko ɗaya a shiyyar Zariya ina so in sani. Kwalayen nan suna nan a ajiye a shagona, zan kai masa da kaina.

Na gode, Allah ya yi jagora.

Wani ɗan kasuwa,
Sabon Gari, Zariya.