Wasiƙar godiya ga ofishin binciken sankarar yara

Zuwa ga shugaba da ɗaukacin ma'aikatan ofishin binciken sankarar yara na asibitin da ya yi jinyar 'yarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a a madadin iyalina, domin alherin da kuka yi mana ya fi ƙarfin godiyar da za a yi a bayan ƙofa.

Shekara biyu ke nan da Allah Ya karɓi ran 'yarmu tana da shekara 7, bayan doguwar jinyar sankarar jini. A makon farko na kwanciyarta, wata ma'aikaciyarku ta zo mana da takardar neman izinin ajiye ragowar ɓargon da aka ɗiba don gwaji. Ta zauna da ni da mahaifiyar yarinyar, ta faɗa mana ba tare da kwana-kwana ba cewa wannan ajiya ba za ta warkar da 'yarmu ba, kuma idan mun ƙi sa hannu babu abin da zai ragu daga kulawar da ake ba ta. Iyayen da ke cikin irin halin da muke ciki a lokacin za su yarda da duk abin da aka yi musu alkawari, amma ita ba ta yi mana alkawarin komai ba, kuma wannan gaskiya tata ce ta sa muka amince.

Bayan rasuwar, 'yan uwa suka haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa muka kawo muku da sunanta. Na shigo ina jin nauyin ƙanƙantarsa, sai kuka karɓa hannu bibbiyu, kuka ba mu rasit, daga baya kuma kuka aiko mana da bayanin inda kuɗin ya shiga cikin harshen da wanda ba likita ba zai fahimta. A nan na fara sanin cewa ana auna ragowar ƙwayoyin cutar da suka ɓuya a ɓargo bayan zagayen farko na magani, kuma sakamakon awon ne ke nuna yaron da za a tsananta wa magani da wanda za a sassauta wa.

A cikin bayanin ne kuma kuka tuna mana da likita Sidney Farber, wanda a shekarar 1948 a birnin Boston na Amurka ya ba da rahoton yara 16 masu sankarar jini da ya gwada wa wani magani, 10 daga cikinsu suka sami sauƙi na ɗan lokaci. Cutar ta dawo musu, amma daga abin da aka koya a kansu aka ɗora, har yau kusan yara 9 cikin 10 masu nau'in da ya fi yawa suna rayuwa a ƙasashe masu arziki. Na daɗe ina tunanin iyayen waɗancan yara.

Aikin da ya rage yana da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kusan 400,000 ne ke kamuwa da sankara kowace shekara, kuma yayin da fiye da kashi 80 cikin 100 ke warkewa a ƙasashe masu arziki, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da dama ba a kai kashi 30 ba. Shi ya sa a 2018 ta ƙaddamar da shirin kai adadin masu warkewa zuwa aƙalla kashi 60 nan da 2030.

Mun yanke shawarar dawowa da gudummawarmu kowace ranar 15 ga Fabrairu, ranar sankarar yara ta duniya, muddin muna da hali. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ba yaran da ke kwance a hannunku lafiya, ita kuma Ya sa ta zama mai cetonmu.

Naku cikin girmamawa,
Mahaifin yarinyar, a madadin iyali.