Tallafin kuɗin makaranta da sakamakon ɗalibai

Ya Edita,

Ina neman ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci kan tsarin da gwamnati ke ba iyaye takardar tallafi, su biya wa 'ya'yansu makarantar kuɗi da suka zaɓa da kansu. Masu goyon bayansa suna cewa gasa za ta tilasta wa makarantu su gyara aikinsu, amma abin da aka gani a Amurka bai tafi santsi haka ba.

Birnin Milwaukee ya fara tsarin tun 1990, sai dai na jihar Luwiziyana, wadda ta faɗaɗa nata a 2012, ya fi ɗaukar hankalina. Da yake masu nema sun fi gurabe yawa, ƙuri'a aka jefa, wannan kuwa ya ba masu bincike damar kwatanta yaran da suka ci ƙuri'ar da waɗanda ba su ci ba. Sakamakon darasin lissafi na yaran da suka sauya makaranta ya yi ƙasa sosai a shekarar farko, kuma yawancin makarantun da suka karɓe su masu araha ne da ɗalibansu suka riga suka fara raguwa.

A birnin Washington kuwa, tsarin da aka fara a 2004 ya ƙara yawan masu kammala sakandare, ko da yake makin jarrabawa bai motsa sosai ba. A ganina, ingancin makarantun da suka shiga tsarin ne ke yanke hukunci, ba takardar kanta ba.

Wani malamin makaranta, Kano