Sanarwa kan cinikin ƴan wasa

Salamu alaikum ƴan uwa. Kasuwar ƴan wasa ta gasarmu ta Football Manager za ta buɗe daren Juma'a, a rufe ta ranar Lahadi bayan isha'i.

Ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare ba kuɗin saye a kansa, gaskiya ne, amma albashi da kuɗin sa hannu da ladan wakilinsa duk daga asusun kulob ɗinka za su fita. Ni kaina kakar bara na ɗauko wani tsohon ɗan baya kyauta, ya cinye min kasafin albashi, ya ƙare a benci.

Musaya kuwa, a turo hoton yarjejeniyar nan rukuni kafin a tabbatar. Cinikin bayan fage ba ma karɓa, ko tsakanin wa da ƙane ne.