Kafin a ce an ƙera abin gano dalma daga ɓawon gyaɗa

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana da ɗalibai da malamansu masu bincike a kan ƙananan ƙwayoyin kabon, domin aikin yana ta yawaita a jami'o'inmu, kuma akwai wuraren da ake yawan tuntuɓe.

Ga wanda bai saba ba, milimita ɗaya nanomita miliyan ɗaya ce. A 1991 Sumio Iijima na Japan ya bayyana siraran bututun kabon. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓare garafin, wato shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, daga baƙin cikin fensir da salatif a Jami'ar Manchesta, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2010. A 2004 ɗin ne kuma wasu masu bincike a Amurka suka ci karo da ɗigon kabon suna cikin tace bututun. Ƙwayoyi ne da ba su kai nanomita 10 ba, masu ƙyalli idan an haska musu fitilar UV, mai hasken da ido ba ya gani. Su ne suka fi jan hankalinmu, saboda ana iya dafa su daga ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa.

Buƙatar kuwa ta gaske ce. Gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a kan maikirogiram 10 a lita ɗaya, kuma injinan da ke auna wannan suna da tsada, suna can birane. Duk wanda ya samo gwaji mai araha ya yi babban aiki, shi ya sa ake gwada ɗigon kabon, domin ƙyallinsa yana iya raguwa idan ya haɗu da dalma.

Dahuwar ba ta da wuya. A wanke ɓawon, a shanya, a niƙa. A zuba giram 2 cikin tataccen ruwa mililita 40, a sa a tukunyar ƙarfe mai cikin Teflon, kada a cika ta fiye da kashi biyu cikin uku saboda matsin tururi. A dafa a digiri 180 zuwa 200 na awa 6 zuwa 12, a bar ta ta huce da kanta. Sai a juya ruwan a injin ware laka, a tace da matata mai ƙofar maikiromita 0.22.

A nan da yawa suke tsayawa, su haska fitila, su ga shuɗin ƙyalli, su ɗauki hoto. To amma ƙofar matatar nan nanomita 220 ce, kusan komai yana wucewa ta cikinta. A 2015 masu bincike a Jami'ar Jilin ta ƙasar Sin sun nuna cewa a ɗigon da aka dafa daga asid ɗin sitirik da etilindayamin, yawancin ƙyallin daga wani ƙaramin sinadari yake fitowa wanda dahuwar ta haifar. Saboda haka sai an zuba ruwan a jakar dayalisis mai ma'aunin dalton 1,000, wadda ƙananan sinadarai ke ficewa daga cikinta ta riƙe manyan ƙwayoyi, an jiƙa ta cikin tataccen ruwa kwana ɗaya zuwa biyu ana sauya ruwan, sannan a auna ƙyallin na ciki da na waje. Idan na waje ya fi haske, abin da aka dafa bai zama ɗigon kabon ba tukuna.

Wuri na biyu shi ne gwajin dalmar kanta. Ana ɗiga ruwan dalma, ƙyalli ya ragu, a ce an gano ta. Baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da makuri duk suna rage wannan ƙyalli, baƙin ƙarfe ma yana shanye hasken UV tun kafin ya isa ga ƙwayoyin. Rijiyar da ruwanta ke barin jan tabo a bokiti za ta ruɗi gwajin nan take. Dole a gwada kowane ƙarfe shi kaɗai, sannan a gauraye da dalma. A riƙe tsamin ruwan a pH 5 zuwa 6 da sinadarin asitet. Kada a kusanci sinadarin fosfet, domin yana kama dalma ya kwantar da ita a gindin kwalba. A kuma yi lissafi: maikirogiram 10 a lita daidai yake da kusan nanomola 48. Gwajin da ba ya ganin ƙasa da maikiromola ɗaya, sai dalma ta ninka iyakar sau ashirin zai motsa, zai kuma nuna ruwan da ke cutar da yaro tamkar lafiyayye. Wannan ya fi damuna fiye da komai. A ƙarshe a ɗebo ruwan rijiya na gaske, a ƙara masa dalma sananniyar adadi, a kwatanta sakamakon da na injin AAS, mai auna yawan ƙarafa a ruwa.

Masu haɗa allon kabon don tare igiyoyin lantarki da ke yawo a iska, irin na rediyo da wayar salula, kuma, gawayin da aka ƙona a digiri 400 zuwa 500 da kyar wutar lantarki ke bi ta cikinsa, sai an haura 700 ƙarƙashin iskar naitirojin. Desibel 20 na nufin an tare kashi 99 cikin ɗari na ƙarfin igiyoyin, amma lambar ba ta da amfani in ba a faɗi kaurin allon da zangon da aka auna ba. A zangon gigahaz 8.2 zuwa 12.4, allon sai ya cike ramin bututun awo mai milimita 22.86 da 10.16 tsaf, ƙaramar kafa tana ɓata awon. Kuma kada a kira baƙin gari garafin sai injin Raman, mai tantance tsarin abu da hasken leza, ya tabbatar.

Wajen haɗa garafin oksaid ta hanyar Hummers, a riƙa zuba famanganet kaɗan-kaɗan cikin asid ɗin salfa, kwalbar tana zaune cikin ƙanƙara ƙasa da digiri 20. Haɗin yana iya fashewa idan ya wuce 55. A tayar da janareto tun kafin a fara, domin in wuta ta ɗauke, maburgi da fankar zuƙe hayaƙi tare suke tsayawa.

Batun amfani da ƙwayoyin kabon a magani kuwa a bi a hankali. A 2008 masu bincike a Edinbura sun ga dogayen bututun kabon suna yi wa ɓeraye irin illar asbestos, a 2014 kuma hukumar binciken kansa ta duniya ta sa wani nau'insu cikin abubuwan da ka iya jawo kansa. A riƙa sarrafa garin a jiƙe, da takunkumi. Gwajin MTT ma, wanda ake duba ko ƙwayoyin halitta suna raye da shi, kabon yana shanye rininsa, don haka a tabbatar da sakamakonsa da wani gwajin daban.

Roƙona ga TETFund da shugabannin jami'o'i shi ne a samar da injinan Raman da TEM (madubin ganin ƙwayoyin nanomita) da AAS a cibiya guda a kowace shiyya, da ƙwararren ma'aikaci, da kuɗin gyara, da farashi a rubuce, yadda ɗalibi daga Gusau ko Dutse zai aika samfurinsa ya sami amsa cikin wata guda.

Wassalam.
Daga wani malamin kimiyyar sinadarai, Zariya