Yaƙin Hitila Ba Shaidar Gidan Sarautar Ingila Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan sharhin da kuka buga game da muhawarar da ake tafkawa a Birtaniya, tsakanin masu son a ci gaba da sarauta da masu neman a koma jamhuriya. Mai sharhin ya ce duk Baturen da ke neman a sauke sarki ba shi da kishin ƙasa, hujjarsa kuwa wai sarauta ce ta riƙe Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu. Da girmamawa nake cewa wannan hujja ba ta kai inda ya kai ta ba.

Ba na hana Sarki George na Shida haƙƙinsa. Sa'ad da jiragen Jamus suka riƙa yi wa Landan ruwan bama-bamai a 1940, bai tsere ba. A watan Satumban shekarar bom ya faɗa fadar Buckingham alhali shi da matarsa suna ciki, kuma ba a kai 'ya'yansu Kanada ba, ko da yake an ba da shawarar haka. 'Yarsa Elizabeth ta sa kaki a 1945, ta koyi tuƙi da gyaran mota. Talakan da gidansa ya rushe ya ga sarkinsa na zagaya unguwanni yana jaje, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya kwana a rami.

To amma wa ya kamata ya kasance kan gadon a lokacin? Yayansa ne, Edward na Takwas. Shi gado ya faɗo wa a 1936, ya yi murabus a Disambar shekarar don ya auri wata bazawara 'yar Amurka, Wallis Simpson. Shekara ba ta cika ba, a Oktoban 1937, ya kwashi amaryarsa suka tafi Jamus, suka gaisa da Hitila hannu da hannu. Da yaƙi ya yi zafi sai gwamnatin Firaminista Winston Churchill ta tura shi gwamna can tsibiran Bahamas, nesa da Turai. Da ba don maganar aure ba, wannan mutumin ne zai zauna a fada ranar da Faransa ta faɗa hannun Jamus. Sa'a Turawan Ingila suka taka, kuma tsarin gado ba shi da wata hanyar tantance ɗan fari kafin a ɗora shi. Wanda aka haifa shi ke nan.

A leƙa maƙwabta ma a gani. Sarkin Norway, Haakon na Bakwai, ya ƙi amincewa da gwamnatin 'yan amshin shatan Jamus a 1940, ya gwammace gudun hijira. Amma Sarkin Italiya, Victor Emmanuel na Uku, da hannunsa ya miƙa wa ɗan kama-karya Mussolini, abokin Hitila, mulki a 1922, ya zauna da shi fiye da shekara 20, har mutanen Italiya suka kaɗa ƙuri'a a 1946 suka soke sarautar baki ɗaya. Japan da sunan sarkinta ta yi yaƙi. Jamus kuwa jamhuriya ce ranar da zaɓaɓɓen shugabanta, Hindenburg, ya naɗa Hitila a 1933. Tarayyar Sobiyet da ta yi asarar rayuka kusan miliyan 27, da Amurka da ta zuba kuɗi da makamai, ba mai sarki cikinsu. Kowane ɓangare na muhawarar zai iya tsintar misalin da ya yi masa daɗi daga wannan yaƙi, shi ya sa na ce yaƙin bai yanke wa kowa hukunci ba.

Abin da ya fi burge ni a tarihin Ingila na lokacin ma ba a fada ya faru ba. Ranar 8 ga Mayun 1945 jama'a suka cika ƙofar fada suna yi wa sarki da Churchill tafi. A watan Yuli, mutanen nan da sojojinsu suka kayar da jam'iyyar Churchill a akwati, suka ɗora Clement Attlee, wanda gwamnatinsa ta kafa tsarin asibiti kyauta a 1948. Ba wanda ya ce sun ci amanar ƙasa don sun sallami gwarzon yaƙi. Masu neman jamhuriya abin da suke tambaya ke nan: in an iya sallamar Churchill, me ya sa akwai kujera guda da ƙuri'a ba ta isa gare ta?

Yanzu in zo inda abin ya taɓa mu, domin mai sharhin ya yi ta cewa "Turawa sun yi yaƙi" kamar su kaɗai suka yi. Wanda ya san Kaduna ya san barikin Kalapanzin da na Dalet, na Zariya ya san Chindit, na Legas ya san Dodan da Myohaung da Arakan, na Ankara (Accra, babban birnin Ghana) kuma ya san Burma Camp. Waɗannan sunaye daga yaƙin Bama (Burma, wato Myanmar ta yau) aka kwaso su, inda runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a 1944 da 1945, cikin dazuzzuka da ruwan sama da zazzaɓi. Dubun dubatar samari ne daga Nijeriya da Gwalkwas (Ghana ta yau) da Saliyo da Gambiya, kuma da Hausa ake ba da umarni a bataliyoyin Nijeriya, har hafsoshi Turawa sai sun koye ta. Wasu da son ransu suka shiga, wasu kuwa hakimi ne ya nuna su da yatsa saboda an yanka wa kowace ƙasa adadin da za ta kawo. Indiya ita kaɗai ta ba da soja kusan miliyan 2 da rabi. Duk da sunan Sarki George suka fita, hotonsa ne a jikin lambobin da aka maƙala musu.

Me suka samu? Albashi da kuɗin sallama ƙasa da na farin soja mai igiya ɗaya da su. A Ankara, ranar 28 ga Fabrairun 1948, mazan jiya suka yi jerin gwano zuwa fadar gwamna don kai kuka kan haƙƙinsu, aka buɗe musu wuta, aka kashe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Sai a 2021 hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka da Asiya da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunayensu ba, har ministan tsaro ya nemi gafara a majalisa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kada masu son jamhuriya su yi saurin murna da wannan magana tawa. Ba sarki ne ya yanka albashin ba, zaɓaɓɓun gwamnatoci ne, kuma Attlee ɗin da na yaba ke mulki ranar da aka yi harbin Ankara. 'Yan'uwanmu na Nijar da sauran ƙasashen renon Faransa sun san abin da ya faru a sansanin Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamban 1944: sojojin Afirka da suka dawo daga Turai suka nemi kuɗinsu, sojojin Faransa suka bindige su. Faransa ta ce mutum 35, masana tarihi suka ce sun fi haka nesa ba kusa ba. Wannan ƙasa ba ta da sarki.

Duk da haka ina ganin an zalunci masu neman sauyi da aka kira su marasa kishi. Matsalar Ingila ita ce an cuɗa sarki da ƙasa har an kasa rabewa. Taken ƙasar addu'a ce ga sarki. Ɗan majalisa ba ya zama kujerarsa sai ya yi wa sarki da magadansa mubaya'a, ko da mutanen mazaɓarsa sun san ba ya ra'ayin sarauta. Ranar naɗin Sarki Charles, 6 ga Mayun 2023, bikin da ya ci wa gwamnati fam miliyan 72, 'yan sanda suka kama shugaban ƙungiyar Republic mai neman jamhuriya, Graham Smith, da abokansa tun kafin su ɗaga allunansu, daga baya aka sake su ba tare da tuhuma ba. Har yanzu su ne marasa rinjaye, kuma Ingila ta taɓa gwada zama babu sarki, daga fille kan Charles na Ɗaya a 1649 zuwa 1660, ba ta ji daɗin hannun Cromwell, wanda ya riƙe mulki a lokacin, ba. Watakila in an yi ƙuri'ar raba gardama gobe su sha kaye. Shan kaye daban, cin amana daban. Mu ma ai mun sauke Sarauniya daga shugabancin ƙasa a 1963, Barbados ta yi nata a 2021, ba wanda ya ce mun daina son ƙasashenmu.

Masu kwatanta abin da sarakunanmu kuma su yi hattara. A Ingila Firaminista ke zuwa gaishe da sarki kowane mako. A nan gwamnati ke tuɓe sarki da takarda guda, Kano ta gani a 1963 da 2020.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka tura wakilanka Kaduna da Zariya da Kano su nemo 'yan tsirarun 'yan Bama da suka rage, ko 'ya'yansu da ke ajiye da lambobi da takardun sallama, a ji daga bakinsu nawa aka biya su da kuma wa ya kai sunansu.

Wassalam.

Mai karatunku a kullum,
daga Zariya