Kuɗin tikitin sinima ba aljihunmu yake shiga ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili in amsa wani ƙorafi da kunnena ya gaji da ji, wai tikitin sinima ya yi tsada, masu gidajen kallo suna cutar jama'a. Ni ma'aikaci ne a wani gidan sinima a nan Kano. Wurin aikina ɗakin injin haska fim ne, amma idan mutane sun yi yawa nakan sauko bakin ƙofa in taya duba tikiti. Gani na yi, ba labari aka ba ni ba.

Kuɗin da mutum ya miƙa a kantar sayar da tikiti ba na gidan ba ne duka. Sai an cire haraji, sannan a raba sauran tsakanin gidan sinima da mai rarraba fim, shi kuma ya sallami furodusa. Kason mai fim ya fi tsoka a makon farko, yana raguwa idan fim ya daɗe a allo. Cikin abin da ya rage mana ne za a biya hayar gini da albashi da wuta.

Wutar nan kuwa ita ce ke cinye mu. Zauren kallo ba shi da taga ko ɗaya. Ko mutum biyar ne suka shiga, ko kujeru sun cika maƙil, dole na'urar sanyaya ɗaki ta yi aiki daga farkon fim zuwa ƙarshensa, in ba haka ba a zafin watan Afrilu ba wanda zai yi minti goma a ciki. Shi ma injin haska fim ba ya son a ɗauke masa wuta bagatatan, domin fitilarsa tana ɗaukar zafi sosai, sai fanka ta huce ta kafin a kashe. Shi ya sa sau da yawa muke tayar da janareta kafin a fara, don kada a yanke wa mutane kallo a tsakiya. Tun da dizal ya yi tashin gwauron zabo a 2022, akwai ranakun Talata da Laraba da cinikin tikiti ba ya biyan man da aka ƙona.

Abin da ke riƙe gidan shi ne gugguru da lemo, tunda su ba a raba kuɗinsu da mai fim. Wannan ne dalilin hana shiga da abinci daga waje, ba rowa ba ce. Iyayenmu mata dai sun fi mu dabara. Na ga tsire, na ga awara, na ga kular dambu guda ta fito daga ƙarƙashin hijabi. Sai ka durƙusa ka ce, "Hajiya, a yi haƙuri a bar mana ajiyarta, in an tashi a karɓa." Wata ta yi dariya ta miƙo, wata ta wanke ka tas.

Masu cewa da can da 'yan sulalla suke kallo sun faɗi gaskiya, amma wane irin gida? Dattijon da ya koya mini aiki, muna ce masa Baba, ya yi zamanin su Plaza da Wapa a Fagge, da Orion a Ƙofar Wambai, da Eldorado da Marhaba. Galibinsu fili ne ba rufi, sai duhu ya yi a kunna, ɗaruruwan mutane a kan benci suna kallon Indiya ko Canis. Fim yana zuwa ne a nannaɗe, kowane naɗi kamar minti 20, ana sauyawa tsakanin inji biyu. Wani lokaci kwafi ɗaya gidaje biyu ke rabawa a dare guda, yaro na jigilarsa a kan keke; in ya makara, mai inji ya sha zagi har kakanninsa. Baba bai taɓa barin mu buɗe gida ba sai ya taɓa kowace ƙofar gaggawa da hannunsa, yana tuna mana gobarar sinimar El-Duniya ta 1951 da ta ci mutum sama da 300.

Yau manyan fina-finai a faifan kwamfuta suke zuwa, a kulle, sai an turo mabuɗin da ke aiki daga rana kaza zuwa rana kaza. Wa'adi na cika, injin ya ƙi. Saboda haka abokaina masu cewa in ɗan tura musu a waya su hutar da ni. Kuma tun da aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, fim sai da shaidar tacewa yake hawa allo.

Kasuwarmu ta lokaci ce. Da azumi kujeru ne ke kallon allo, sai Sallah ta zo mu rasa wurin zuba mutane, mu ma'aikata mu yi ta a tsaye har dare.

Roƙona na ga furodusoshinmu na Kannywood. Ku riƙa kawo fim da wuri mu gwada shi, ba daren da za a fara ba. Sautin da ke daɗi a waya, in ya hau manyan lasifikoki sai kiɗa ya danne magana, 'yan kallo kuma mu suke hararowa. Sannan ku ba fim lokaci kafin ku ɗora shi a YouTube. Mutumin Kano ya iya lissafi. In ya san bayan mako biyu zai same shi kyauta, ba zai biya kuɗin Adaidaita Sahu da tikitin iyalinsa ba. Wanda kuma farashin ya yi wa nauyi, ya tambayi masu kanta ko akwai ranar rangwame a tsakiyar mako.

Wassalam.

Naku,
Wani ma'aikacin sinima,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.