A bar wa ɗan majalisar da ake bincike ƙuri'arsa, a karɓe kwamitinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku domin in tofa albarkacin bakina kan muhawarar ko ya dace ɗan majalisar da hukuma ke bincikensa ya ci gaba da kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa. A ganina ya kamata a bar masa ƙuri'arsa, domin amanar mutanen mazaɓarsa ce ya riƙe, kuma su ba a tuhumarsu da komai.

Kusan ko'ina hukumomin bincike suna ƙarƙashin ɓangaren zartarwa ne, saboda haka idan buɗe fayil kawai ya isa a rufe bakin ɗan majalisa, to gwamnatin da ke tsoron faɗuwar wani ƙudurinta ba ta buƙatar lallashin kowa, sai dai ta gayyaci 'yan adawa biyar su amsa tambayoyi a ranar ƙuri'a. Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin Nijeriya ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar, kuma shari'a ba ta gaggawa. An gurfanar da Bukola Saraki, shugaban Majalisar Dattawa na lokacin, a kotun ɗa'ar ma'aikata a watan Satumba na 2015, Kotun Ƙoli ba ta wanke shi ba sai a watan Yuli na 2018. Da an dakatar da shi, da mazaɓarsa ta Kwara ta Tsakiya ta yi kusan shekara uku cikin huɗu ba ta da murya.

Sai dai a wannan shari'ar ce kuma aka ga inda gizo ke saƙa. A watan Afrilu na 2016, ana tsakiyar sauraren ƙarar, Majalisar Dattawa ta fara gyaran dokar da ta kafa kotun, kuma sai da jama'a suka yi caa sannan ta jingine aikin. Ko da niyyar ta alheri ce, lokacin bai dace ba. Wanda ake bincike ya kamata ya sauka daga shugabancin kwamiti, ya kuma fita daga zaure duk lokacin da ake maganar kasafin hukumar da ke bincikensa, ko tantance shugabanta, ko gyaran dokarta.

Wasu majalisun sun nemi tsakiya. A watan Mayu na 2024 majalisar wakilan Birtaniya ta amince, da ƙuri'a 170 kan 169, cewa ana iya hana ɗan majalisar da aka kama bisa zargin cin zarafi shiga harabarta, amma wani abokin aikinsa ya kaɗa ƙuri'a a madadinsa. A Amurka kuwa, a watan Disamba na 2023 majalisar wakilai ta kori George Santos, ɗan majalisar da ake tuhuma, da ƙuri'a 311 kan 114 tun kafin kotu ta yanke hukunci, aka kuma cike gurbinsa da zaɓe bayan wata biyu da 'yan kwanaki.

Abin da ya fi damuna shi ne wahalar kiranye. A Birtaniya, idan sharuɗɗa suka cika, sa hannun kashi 10 cikin 100 na masu zaɓe ya isa a sake zaɓe, alhali sashe na 69 na kundin Nijeriya yana neman fiye da rabin masu rajista, abin da ya sa yunƙurin yi wa Sanata Dino Melaye kiranye ya wargaje a 2018. Ina roƙon masu gyaran kundin su sassauta wannan adadi.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku